Neman shawara: waɗanne darussan intanet ne suka cancanci a ba su lokaci?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da lissafi da kimiyya a makarantar sakandare, kuma ina neman shawararku a kan inda zan samu darussan da za su ƙara mini ƙwarewa, da kuma waɗanda zan iya nuna wa ɗalibaina. Galibinsu waya ce kaɗai a hannunsu, ita ɗin ma ba kullum take da data ba, saboda haka abin da ke buƙatar dogon kallo kai tsaye ba zai yi musu amfani ba.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Malama. A fannin lissafi ban ga abin da ya kai Khan Academy ba, wadda Salman Khan ya kafa a 2008 bayan ya ɗauki shekaru yana koya wa 'yan'uwansa lissafi daga nesa. Kyauta ce, amma abin da ya sa nake yaba mata ba bidiyoyin ba ne, tambayoyin gwajin da ke biye da kowane darasi ne. Kina iya buɗe aji a ciki, ki ba ɗalibai jinga, sannan ki ga wanda ya yi da wanda bai yi ba, har ki gane ainihin matakin da yaro yake tuntuɓe. Manhajarta ta waya tana ba da damar sauke bidiyo a ajiye don kallo daga baya.

Dakta Rabi: Ni kuma a ɓangaren kimiyya zan ba ki shawarar PhET, na Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka, wanda Carl Wieman, mai lambar yabo ta Nobel a fiziks, ya assasa a 2002. Ɗakin gwaje-gwaje ne a cikin allon waya. A darasin lantarki, alal misali, ɗalibi zai jawo batir da wayar lantarki da ƙwan fitila da yatsansa ya haɗa su, ya ƙara ƙarfin batirin ya ga hasken ƙwan ya ƙaru, ya jera ƙwai biyu a layi ɗaya ya ga dukansu sun dusashe. Dabarar da nake bi ita ce in sa su rubuta hasashensu a takarda kafin su taɓa komai, domin idan ba haka ba sai su mayar da shi wasa, su yi ta danne-danne har lokaci ya ƙare. Ana iya sauke yawancin gwaje-gwajen a yi amfani da su ba tare da intanet ba.

Injiniya Kabiru: Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, sai dai ina so in ja hankalin Malama game da nata karatun. Matsalar wannan zamani ba ƙarancin darasi ba ce, kammalawa ce. A 2011 malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, sun buɗe kwas ɗinsu na ƙirƙirarriyar basira na Jami'ar Stanford ga kowa, mutum kusan 160,000 suka yi rajista, amma waɗanda suka kai ƙarshe ba su wuce 20,000 da ɗoriya ba. A shekarar da ta biyo baya aka kafa Coursera da edX, shafukan da ke ba da kwasa-kwasan jami'o'i ta intanet, aka yi ta yayata cewa kwanan jami'o'i ya ƙare, ga shi kuwa har yau suna nan. Wani nazari da mujallar Science ta buga a 2019 a kan kwasa-kwasan intanet na jami'o'in Harvard da MIT na Amurka ya nuna cewa masu kammalawa ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Shawarata ita ce ki zaɓi kwas ɗaya rak, ki ware masa lokaci sananne a mako, ki kuma samu abokiyar aiki da za ku riƙa bibiyar juna, domin yin rajista a wurare biyar lokaci guda ɗaukar wa kai abin da ba za a iya saukewa ba ne.

Hajiya Maryam: Injiniya, ban yarda da dukan fassarar da ka yi wa alƙaluman nan ba. Da yawa daga cikin masu rajista babi ɗaya suka zo nema, kuma da zarar sun fahimce shi sun samu biyan buƙata, ko da kwamfuta ta lissafa su cikin waɗanda suka gudu. Abin da ya fi damuna shi ne wanda bai samu damar shiga ba tun farko. A 2020, lokacin annobar korona, UNESCO ta ce rufe makarantu ya shafi ɗalibai fiye da biliyan 1.5, kuma kowa ya ga yadda masu na'ura da intanet suka ci gaba da karatu yayin da sauran suka zauna. Don haka, Malama, ki duba Kolibri, manhajar da ake ɗorawa a kwamfuta guda ɗaya, wayoyin ɗalibai su riƙa ɗibar darussa daga gare ta ta hanyar ƙaramar rauta, wato na'urar Wi-Fi, ba tare da data ba. Akwai kuma Kiwix, da ke ba da damar ajiye Wikipedia a cikin na'ura.

Malam Tanimu: Ni horas da masu aikin wayarin nake yi, kuma ina roƙon a bambance karatu da koyon sana'a. Yaro zai kalli bidiyon haɗa soket har ya haddace, amma ranar da aka miƙa masa filaya sai ya datse gashin wayar tare da robarta, domin nauyin hannu ba a koyonsa da ido. Inda bidiyo yake taimaka mana shi ne kafin aiki da bayansa: su kalla tun da dare don su zo da tambaya, sannan in ɗauki hoton aikin kowa mu zauna mu nemo kuskuren tare.

Malama Hadiza: Allah ya saka da alheri. Sauran tambaya ɗaya: takardun shaidar da ake bayarwa suna da wani tasiri wajen neman aiki ko ƙarin girma?

Dakta Rabi: Ya danganta da wanda za ki kai wa, saboda haka ki fara tambayar hukumar da kike aiki a ƙarƙashinta ko tana karɓarsu kafin ki kashe kuɗinki. MIT OpenCourseWare, wanda ya fara aiki tun farkon shekarun 2000, ba ya ba da shaida kwata-kwata, amma za ki samu bayanan lacca da tambayoyin jarrabawa na ainihi, wasu har da amsoshinsu. Littattafan OpenStax na Jami'ar Rice su ma kyauta ne, kuma ana sauke su a matsayin PDF. Ga ɗaliban da ke sha'awar kwamfuta, CS50, kwas ɗin share fagen kimiyyar kwamfuta na Harvard, yana ba da shaida kyauta ga wanda ya cika dukan jingar da aikin ƙarshe, sai dai ki gargaɗe su cewa makonnin farko da ake koyar da C, ɗaya daga cikin harsunan rubuta manhaja, suna da tsauri sosai.

Injiniya Kabiru: Ƙari a kan na Dakta, a fannin rubuta manhaja masu ɗaukar aiki sun fi son ganin abin da mutum ya gina da kansa, don haka duk ɗalibin da ya shiga CS50 ya buɗe asusu a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ya kuma ajiye aikinsa na ƙarshe a can tare da gajeren bayanin abin da manhajar take yi.