Ukulele ga 'yata: sabuwa ta shago ko ta hannu?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa sayen ukulele, 'yar ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu. 'Yata shekararta 13. Tun da ta ga bidiyon Grace VanderWaal, yarinyar da ta lashe gasar America's Got Talent a 2016 tana 'yar shekara 12, ba ta da zance sai wannan. Ta yi asusu ta tara dubu 20, na yi mata alkawarin ciko. Biyu ne a gabana. Akwai sabuwa a wani shago nan Kaduna, ƙaramar da ake kira soprano, dubu 30, sai ƙyallin fenti amma babu sunan kamfani a jikinta. Sai wata abokiyar aikina da ta zo da irin wadda ake kira concert daga Ingila, ta ɗan fi girma, katako zalla ce, tana neman dubu 65, kuma babu jaka. Malami ba mu da shi, ta YouTube za ta koya, ga hannunta ƙarami. Zuwa Juma'a aka ba ni. Wacce zan ɗauka?

Sadiq Kibod:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ƙara kuɗi ki saya mata kibod kawai. Duk situdiyon da kika shiga a Kano ko Kaduna da shi ake haɗa kiɗa. Nan gaba zai iya zame mata sana'a.

Abba Zazzau:
Jita babba za ki saya, sau ɗaya an gama. Wannan ai kayan wasan yara ne.

Jummai Bukuru:
Ba kayan wasa ba ne Malam Abba. Asalinta mutanen tsibirin Madeira na Fotugal ne suka isa Hawayi a 1879 da ƙananan kayan kiɗansu, kafintocin cikinsu suka fara ƙera ta, har sarki Kalakaua ya riƙa sa a kaɗa ta a fadarsa. Kamfanin Kamaka tun 1916 yake yin ta a Honolulu, kuma guda ɗaya tasu tana haura dala dubu. Abin da ya sa matasa suka raja'a a kanta yanzu, tsirkiyarta ta roba ce, ba ta yanka yatsa kamar wayar jita, kuma kamun farko da yatsa ɗaya ake yin sa. Ƙanena a yammacin da aka kawo masa ya fara raka waƙa.

Baban Khalifa:
Hajiya, ki saurare ni don Allah, ni abin ya ci ni. Bara kafin babbar sallah na ga wani shafi yana tallar su, hoto tsaf, katako har da zanensa. Na tura dubu 48, na ƙara dubu 6 kuɗin aikowa ta tasha daga Legas. Da aka buɗe kwalin, wallahi ba ita ce ta hoton ba. Kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya na roba ne, kana sakin hannu suna warwarewa. Ƙarafan da ke jere a wuyanta bakinsu ya fito, har sun karce wa yaron yatsa. Na kira mutumin, ya ce sabuwar tsirkiya ce, sai ta yi mako biyu kafin ta zauna. Muka yi haƙuri. Khalifa kullum bayan la'asar yana zaune bakin ƙofa da wayar mamarsa yana saitawa, kafin ya kai tsirkiya ta huɗu ta farko ta sauka. Da hunturu ya shigo, wani dare muna kwance muka ji fas! Jakin da ke riƙe tsirkiyoyin ne ya ɓalle daga jiki, ya taho da fenti, yana reto. Na kai wa kafinta ya liƙe da gam, sautin ya mutu murus. Na koma wa mai shafin, ya toshe lambata. Kuɗin ba su ne damuwata ba. Yaron ya ɗauka shi ne bai iya ba. Yanzu ko an kunna irin kiɗan sai ya tashi ya bar ɗakin.

Maman Ilham:
Subhanallah. Allah ya mayar maka da alheri Baban Khalifa. Amma ni duka biyun zan iya riƙe su a hannu kafin in biya.

Baban Khalifa:
Amin Hajiya. Ko a hannu ne, ranar farko ai ba ta nuna halinta. Ni dai na rantse ba zan ƙara ba.

Nura Fagge:
Dubu 48? Kai Alhaji an yanke ka. Ni dubu 18 na sayi tawa a Sabon Gari, har yau tana nan garau.

Sadiq Kibod:
Wace shekara Nura? Kafin dala ta tashi kake magana. Watan jiya na tambaya a Abuja, dubu 55 aka ce min, ba ragi.

Nura Fagge:
To Abuja ai har iska da kuɗi ake shaƙa.

Hassana Maraɗi:
Mu nan Nijar jika 15 na sefa wani ya faɗa min, wani kuma jika 25, kuma da ido iri ɗaya ne. Baban Khalifa, ba ka da rasit ɗin banki? Ka kai ƙara mana.

Baban Khalifa:
Ina da shi 'yar'uwa. Sunan da ke kan asusun daban, sunan shafin daban. Wa zan kama?

Ticha Ishaya:
Ina koyar da kiɗa a makaranta a Jos, bari in sa baki. Maganar da mai shafin ya faɗa ta tsirkiya gaskiya ce, sabuwar roba tana miƙewa kwanaki kafin ta zauna. Amma kunnen da ke warwarewa da kansa wani ciwo ne daban, shi ya ɓoye. Maman Ilham, ki sauke manhajar saiti a waya, ki je da yarinyar. A saita tsirkiyoyin G, C, E, A. A kaɗa kowace a sake, sannan a danne ta a gida na 12, wato daf da ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke jere a wuyanta in an ƙirga daga wajen kunnuwa, a sake kaɗawa. In allurar manhajar ta kauce sosai, wataƙila an yi wuyan ba daidai ba, kuma wannan gyaransa da wuya. Ki duba kunnuwan, masu haƙoran ƙarfe a baya sun fi riƙo. Ki shafa gefen wuyan da yatsa. Soprano wajen inci 21 ce, concert 23, bambancin bai kai ya wahalar da 'yar shekara 13 ba. Amma a ƙasarmu ni filawud nake ba iyaye shawara, domin katako zalla shi ne hunturu ya fi tsagawa.

Anti Zee:
Ticha ban yarda ba. Ina Kanada, nan tun shekarun 1970 makarantu suke koyar da yara da ita, wani malami Chalmers Doane ne ya kafa abin a Halifax. 'Ya'yana biyu duk sun yi. Yaro yana daina koyo ne in kayan ba ya ba shi sauti mai daɗi. Ta ɗauki ta katakon. A jiƙa soso, a matse, a sa a 'yar leda mai huji, a ajiye tare da ita cikin jaka a rufe. Shi ke nan.

Abba Zazzau:
Anti, ke da kike cikin ƙanƙara me kika sani game da hunturun Zariya? Mu da ƙofar katako ma ke tsagewa.

Anti Zee:
Ƙanena, in aka kunna na'urar ɗumama ɗaki a nan, iskar cikin gida bushewa take yi har leɓe ya fashe. Matsalar ɗaya ce, mun saba da ita.

Nura Fagge:
Shi ma Ticha ai fiyano yake koyarwa, kuma Jos ba Kaduna ba ce. A bar waɗanda suka kaɗa da hannunsu su yi magana.

Ticha Ishaya:
Ukulele goma sha biyu ke kabad ɗin ajina Malam Nura, ni nake canja musu tsirkiya. Kuma wani abu da yake burge ni, sautukan nan huɗu da take bayarwa a sake duk suna cikin sautuka biyar da yawancin waƙoƙinmu na gargajiya ke tafiya a kai. Yarana da kunne kawai suke tsinto waƙoƙin gaɗa a kanta.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Anti Zee, na faɗa tun farko ta hannun ba ta da jaka. Nawa ake samun jakar, ko tela zai iya ɗinkawa?

Sadiq Kibod:
A haɗo miki da tekun Hawayi kawai Hajiya, danshi ya samu.

Kawu Tanko Gusau:
Tun ɗazu nake karantawa raina yana ɓaci. Ga gurmi, ga garaya, ga molo, duk an yi su da ƙwarya ko itace da fata da suka san iskar ƙasar nan. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya har ya rasu a 2015. Mu kuma muna nan muna jiƙa soso.

Jummai Bukuru:
Kawu, gaskiya ka faɗa, amma a ina za ta sayi gurmin? Wane shago? Wa zai koya wa yarinya mace? Ukulele darussanta sun cika intanet kyauta, daga yadda ake riƙewa har ƙarshe. Na nemi darasin gurmi daki-daki irin wannan, abin da na samu bidiyon biki ne kawai.

Kawu Tanko Gusau:
To laifin wa? Yaro ya rataya jita a ce ɗan boko ne mai fasaha, ya ɗauki gurmi a ce maroƙi. Mu muka kore su da bakinmu.

Auwal Ɗan Goge:
Kawu ka taɓo min inda ke ciwo. Kakana mai goge ne, shi ya koya min tun ina firamare. Ina da digiri, ina da aikina. Da na je neman aure an karɓe mu da mutunci, har an sa ranar kawo kuɗi. Sai wani baffan yarinyar ya binciko gidanmu, aka aiko cewa ba sa haɗa zuri'a da makaɗa. A ɗakin ƙanenta kuwa jita ce rataye a bango, da idona na gani.

Hassana Maraɗi:
Innalillahi. Mu ma nan haka ne. Ranar biki a neme su da mota, ranar aure a ce ba su isa ba.

Abba Zazzau:
A'a, a yi adalci. Iyaye suna da dalilinsu, ba kowane gida ne zai yarda ba.

Auwal Ɗan Goge:
Wane dalili Malam Abba? Faɗe shi a nan kowa ya ji, tun da kai ne ka ce Hajiya ta saya wa 'yarta jita.