npm install ya ƙi sauko min da package ɗin kamfaninmu daga GitHub

Sabon_Shiga_KD:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina neman taimako. Satin da ya wuce na fara aiki da wani ƙaramin kamfanin manhaja a nan Kaduna, aikin farko da aka ba ni shi ne in jawo kod ɗin in tayar da shi a kwamfutata. Da na buga npm install, umarnin da ke sauko da packages ɗin da kod ɗin ke buƙata, komai ya sauka lafiya sai package guda ɗaya wanda su suka rubuta da kansu suka ajiye a GitHub Packages a rufe, sunansa kamar @kamfaninmu/ui. Da farko E404 yake ba ni, wai babu shi a registry.npmjs.org. Ogana ya ce in yi token, wato makullin shiga na GitHub, in sa a .npmrc, fayil ɗin saitin npm, to ya yi tafiya kuma ba na so in riƙa damunsa da kira, na yi token ɗin na sa yanzu kuma sai E401 yake fitowa. Na goge node_modules, folder ɗin da packages ke sauka a ciki, har sau uku, data ta kusa ƙarewa wallahi, Windows nake amfani da shi. Ina matsalar take?

Malam_Node:
Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko daina goge node_modules, ba can matsalar take ba, data kawai kake ƙonawa. Lambobin nan biyu kowacce abin da take faɗa maka daban. 404 ɗin farko npm ne ya je neman kayan a babbar kasuwa ta kowa da kowa, shi kuma package ɗin naku ba a can yake ba, don npm bai san @kamfaninmu na GitHub ba ne sai ka gaya masa. 401 kuwa ci gaba ne, ka iso ƙofar gidan daidai amma mai gadi bai yarda da katinka ba. Layi biyu ake buƙata a cikin .npmrc ɗin:

@kamfaninmu:registry=https://npm.pkg.github.com
//npm.pkg.github.com/:_authToken=TOKEN_ƊINKA

Ka lura layi na biyu babu https: a gabansa, da // yake farawa, mutane da yawa nan suke kuskure. Sunan da ke bayan @ kuma dole ya zama na mai ma'ajiyar a GitHub kuma da ƙananan baƙaƙe ko da a shafinsu da manya aka rubuta. Kuma tunda Windows ne, in da Notepad ka ƙirƙiri fayil ɗin duba da kyau kar ya zama .npmrc.txt. In za ka gwada kar ka sake install gaba ɗaya, buga npm view @kamfaninmu/ui version, in lambar ta fito to an shiga.

Yar_Zazzau:
Ƙari a kan bayanin Malam. Wane irin token ka yi? Duba farkonsa, in da github_pat_ ya fara to sabon samfurin nan ne na fine-grained kuma GitHub Packages ba ya karɓarsa a npm, sai tsohon wanda suke kira classic, shi da ghp_ yake farawa. Ni ma kwana biyu na yi ina fama da wannan a bara kafin na gano, don shafin yin token ɗin sabon yake fara nuna maka. Ka shiga Settings, Developer settings, Personal access tokens, ka zaɓi classic ka danna read:packages, kar ka danna komai da komai kawai don ka huta, saukewa kaɗai za ka yi ba ɗorawa ba. In kamfanin naku na amfani da SSO, wato shiga ta akawun ɗin kamfani, sai ka danna Configure SSO a gefen token ɗin ka ba shi izini, in ba haka ba zai ci gaba da ƙi. In kuma duk ka yi bai yi ba to wataƙila ba a ba akawun ɗinka izinin ganin package ɗin ba ne, wannan sai ogan.

Sabon_Shiga_KD:
Alhamdulillah ya sauka! Anti kin canka, github_pat_ ne nawa, na yi classic nan take ya wuce. Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. Tambaya ɗaya, akwai wasu mutum biyu da za su fara aiki wata mai zuwa, in tura .npmrc ɗin nan cikin repo, wato ma'ajiyar kod ɗinmu a GitHub, kawai don kar su sha irin wahalar da na sha?

Malam_Node:
A'a, kar ka kuskura ka tura shi da token a ciki. Niyyarka mai kyau ce amma token ɗin nan da sunanka yake, duk wanda ya samu kai ne a idon GitHub. Raba layukan biyu. Layin registry shi ne zai zauna a .npmrc na cikin aikin, shi ka tura kowa ya amfana, babu sirri a cikinsa. Layin token ka kai shi .npmrc na gidanka wato C:\Users\sunanka\.npmrc, npm yana karanta duka biyun ya haɗa. Sabbin kowa ya yi nasa, ranar da wani ya bar aiki a cire shi kaɗai ba sai an canza wa kowa ba. Kuma in har ka riga ka yi commit da shi, wato ka adana shi a git, ko sau ɗaya, goge layin ba ya isa don yana nan a tarihin git, sai dai ka je ka soke token ɗin ka yi sabo. Na taɓa gani an yi haka a wani wurin da na yi aiki, wata uku token na kwance a repo kafin a lura.

Yar_Zazzau:
Kuma in kun zo kan GitHub Actions, wato ayyukan da GitHub ke gudanar muku da kansa (workflow), kar ka kwafa token ɗinka can, akwai GITHUB_TOKEN da ake ba kowane workflow, ka ba shi packages: read sannan a saitin package ɗin a ƙara repo ɗinku ƙarƙashin Manage Actions access. Ka sa wa naka ranar ƙarewa kuma ka rubuta ranar a wani wuri, don in ta cika 401 ɗin nan zai dawo.

Sabon_Shiga_KD:
Ban yi commit ba tukuna, na duba git status yanzu fayil ɗin yana nan ja. Na mayar da token ɗin gida, kwana 90 na sa masa. Zan rubuta matakan a README kafin oga ya dawo ranar Litinin.