Kayan da za ka ɗauka in za ka hau Mambila

Jiya a majalisarmu nan Gombe aka yi ta hira kan tafiyar da ƙanina zai yi Gembu da ke kan tsaunin Mambila, kowa ya kawo tasa, ga abin da na tsinta. Wanda ya taɓa zama can yace kar ka auna da zafinmu, tsaunin ya haura mita 1,500, daga ka wuce Serti ka fara hawa iska take canjawa. Damina can doguwa ce, ruwa kusan kullum ga hazo da safe, rigar ruwa da takalmin roba dole ne, silifas kam a laka zai tsinke. Abin da yafi damuna wanki baya bushewa, ka shanya wando kwana biyu ka taɓa kaji danshi har da wari, shi yasa akace ya ɗebi safa da singileti da yawa ya ƙulle a leda. Disamba da Janairu kuma suwaita mai kauri, hular sanyi da bargo, rana ta ɗaga ya cire. Innarmu da taji tace ya haɗa da fulas, saboda alwalar asuba.