Baƙin tsiro a dasashin karena, saura nawa gare shi?

Baban Sadiƙ, Yalwa, Bauchi:
Assalamu alaikum. Ina da karen farauta, Duna, shekararsa 10, da shi nake shiga daji wajen Alkaleri tun yana kwikwiyo. Bayan sallah wani baƙin tsiro ya fito masa a dasashi, can ciki wajen turamen haƙora. Bakin na wari, miyau da jini-jini, ƙashi ma ya daina taunawa. Likitan dabbobi yana zargin sankara, ya ce sai an yanki kaɗan an kai gwaji. In ita ce, zai kai baɗi? Kuɗin taki ne a hannuna, kuma ba na so in ga yana wahala.

Ɗan Gombe:
Kwantar da hankali, Malam. Nawa ya yi fararen ƙuraje cike da baki, ba magani suka baje.

Likita Hajara:
Wa alaikumus salam. Ɗan Gombe, naka ƙarami ne ko? Wannan ƙwayar cuta ce da ke kama 'yan kwikwiyo, takan tafi da kanta. Tsohon kare da baƙin tsiro daban ne.

Baban Sadiƙ, ido kaɗai ba ya yanke hukunci, ka yarda a yi gwajin. Amma yadda ka bayyana ya fi kama da melanoma, wadda ta fi kowace sankarar baki yawa a karnuka, kuma tana saurin kaiwa kaluluwar wuya da huhu. Girmanta muke fara dubawa. In ba ta kai santimita 2 ba aka cire, rabin karnukan kan kai wata 17 zuwa 18. Tsakanin 2 da 4, wata 5 zuwa 6. In ta wuce 4 ko ta kama kaluluwa, kamar wata 3. Wurin ma bai taimaka ba, na can ciki ya fi na gaban baki wuyar cirewa gaba ɗaya.

Kafin wuƙa, a ɗauki hoton ƙirji. In ta riga ta shiga huhu, ni ba zan ce ka taɓa kuɗin takinka ba. Maganin rage zafi da abinci mai laushi sun fi masa. In huhu lafiya, asibitin koyarwa na dabbobi na ABU Zariya za ka nufa.

Baban Sadiƙ:
Allah ya saka da alheri, Likita. Na gwada da tsinken tsintsiya yana barci, ya kusa santimita 3. Litinin zan kai shi hoton. Kunun gyaɗa da kifi ba komai?

Likita Hajara:
Ba komai, a dai tsince ƙayar, kuma kada a sa albasa.