Ina kuke kai sharar gidanku a Yamai?

Maman Yasmin:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema, sabon tashi muka yi zuwa Banifandu kuma har yau ban samu mai sharet mai ɗaukar shara ba, pubel, wato mazubin shara, ta cika, leda da gorunan ruwa da gwangwanaye sun taru min bayan ɗaki har da wata tsohuwar fanka da batirin mota da ya mutu. Maƙwabta kam ƙonawa suke da magariba, ni kuma yarona na da tari ba ya son hayaƙi. Wa ya san inda ake kaiwa?

Dan Katako:
Amin alaikumus salam Hajiya. Ai rabin abin da kika lissafa ba shara ba ne, kuɗi ne! Fanka, batiri, tsohon ƙarfe, wayar wuta, duk ki ware su gefe guda, yaran nan masu yawo da buhu suna saye, ko in akwai mai kai miki a kai kasuwar Katako a auna da kilo, can ya fi tsada. Gwangwanin lemo na alminiyo maƙera ke narkewa su zuba tukwane da ludaya, ƙila ma tukunyar da ke kan murhunki daga can ta fito. Batirin dai kar a bar yara su fasa shi, ruwan cikinsa asid ne, yana cin fata, ga darma.

Hajiya ta Talaje:
Ƙanwata gorunan ki wanke ki ajiye da marufansu, mata masu saida bisap da ruwan citta har gida suke zuwa nema. Sauran tuwo da ɓawon kayan miya ki ba masu kiwo. Sannan abin da mutane ba su lura ba, yawancin nauyin pubel ɗinmu ƙasa ce ta sharar tsakar gida, ki sa yara su riƙa tankaɗewa su mayar da rairayin, wallahi sai ki ga pubel ta yi sati ba ta cika ba. Mai sharet kuwa ki tambayi mai unguwa ko ki je meri, wato ofishin magajin gari, ta kominku, ko ma masu shago bakin layi sun san shi. Mu jika biyu muke ba namu a wata amma ya danganta da unguwa. Ki dai tambaye shi ina yake zubarwa, akwai wanda muka sallama don cikin kwalbati yake juyewa da dare.

Malam na Harobanda:
Wannan na kwalbati shi ne abin da ke ci min rai. Leda ta toshe hanyar ruwa, damina ta zo, wadda ta wuce kuma ta bi kwarin Guntu Yena ta faɗa gulbi, mu da muka ga ambaliyar 2020 a wannan ƙetaren ba ma wasa da maganar ruwa. Dokar hana leda tun 2014 aka yi ta, amma je ki sayi tumatir na dala ashirin ki gani, leda biyu za a ba ki. Akwai masu narka ledar da rairayi su buga pave, bulon da ake shimfiɗawa a ƙasa, sai dai ba ko'ina suke zuwa karɓa ba.

Maman Yasmin:
Na gode ƙwarai, Allah saka da alheri. Gobe zan leƙa wajen mai unguwa. Dan Katako, firjin da ya lalace ma suna saye ko sai an kwance shi?

Dan Katako:
Suna saye yadda yake, kar ki bari a kwance. Ki fara kiran mai gyara ya duba injin firjin tukun, shi ne mai kuɗin.