Sandar sofbol ga 'yan mata: abin da iyaye da masu horarwa suka ce

A Amurka, inda 'yan mata ke buga sofbol na jifa mai sauri, wato wasan da ake jefo ƙwallo a buge ta da sanda, an daɗe ana muhawara kan sandar da ta dace da yarinya. Bakin yawancin masu horarwa ya zo ɗaya a kan abu guda: kada a sayi babbar sanda wai don yarinya za ta girma ta cike ta. Sanda mai nauyi tana sa kan sandar ya sunkuya, bugun ya makara, ƙwallo ta wuce.

Wajen tsawo, sun ce yarinya ta ɗora gindin sandar a tsakiyar ƙirjinta, ta miƙa hannu gefe. In yatsunta sun taɓa ƙarshen sandar, ta yi. Dokar wasan dai ba ta yarda a wuce inci 34 ba.

Nauyi ne ya fi jan zance. A jikin sanda akwai lamba kamar -10, wato bambancin da ke tsakanin tsawo a inci da nauyi a oza: sanda mai inci 30 da oza 20 ke nan. Ƙanana sukan fara da marasa nauyi, -12 ko -11, 'yan sakandare su koma -10 ko -9. Gwajin masu horarwa mai sauƙi ne: yarinya ta riƙe sandar a miƙe da hannu ɗaya na daƙiƙa 30. In hannun ya fara rawa, ta yi mata nauyi.

Wasu iyayen sun ƙara da cewa a duba tambarin USA Softball ko USSSA, hukumomin da ke shirya wasan, kafin a biya, don alƙalin wasa yakan duba.