Wasa da kuka a pon ɗin baya na Hilux: ta ina zan fara dubawa?

Ɗan Tibiri

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin pon, wato akwatin giyoyin da ke tsakanin tayoyi yana raba musu ƙarfin injin. Ina tuƙa tsohuwar Hilux mai kabari huɗu, wato mai jan tayoyi huɗu, LN106 mai injin gazuwal 3L, kuma aikinta ɗaukar buhunan gero da wake tsakanin Maradi da Dakoro, wani lokaci har cikin ƙauyukan da babu hanya sai rairayi. Tun ƙarshen damina take yi mini abu biyu. Idan na tashi daga tsaye, ko na saki totur na sake takawa, sai in ji "ƙwas" daga ƙarƙashin bodi kamar an buga guduma. Sannan idan na wuce gudun kilomita 60 na ɗaga ƙafa, sai wani kuka siriri ya taso daga baya, da na ba ta wuta kuma sai ya lafa. Na shiga ƙarƙashinta na kama kardan, wato dogon bututun da ke kai juyin injin zuwa pon, na juya, na ji yana tafiya dama da hagu kafin ya cije. Wani ya ce in ɗaure babban notin pinyon, wato ƙaramar giyar da kardan ke juyawa a cikin pon, wasan zai tafi, wani kuma ya ce in sayi pon na hannu gaba ɗaya in huta. Wace magana ce ta gaskiya?

Malam Ila Makanike

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, kada ka bari kowa ya kai wa wannan notin sifana tukuna.

Wasan da ka ji a hannunka da ka juya kardan ba wasan abu ɗaya ba ne. Taruwa ce ta wasanni da yawa: na kurusiyon ɗin kardan, wato mahaɗinsa mai siffar gicciye, na tsakanin haƙoran pinyon da kuron, wato babbar giyar da pinyon ke juyawa, na ƙananan giyoyin nan huɗu da ke cikin kwando, waɗanda muke kira satelit da filanetar, da kuma na haƙoran bakin sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyi. Ko sabuwar mota tana da ɗan wannan motsi, domin da babu shi haƙoran za su cinye juna da zarar ƙarfe ya yi zafi. Saboda haka aikin shi ne a raba su, a san wanne ya wuce ƙima.

Ka ajiye motar a wuri shimfiɗaɗɗe marar gangara, ka sa duwatsu gaban tayoyi da bayansu, ka ja birkin hannu, ka bar giya a firi. Da hannu ɗaya ka riƙe bututun kardan, da ɗayan ka riƙe farantin da ke bakin pon, ka murɗa su saɓanin juna. Idan ɗaya ya motsa ɗayan yana tsaye, ko ka ga jan gari kamar tsatsa yana fita daga kofunan kurusiyon, to ka sami mai buga maka guduma, kuma shi ne mafi arha cikin duk abin da zai iya lalacewa a nan. Bayan haka ka kwance notuna huɗun da suka haɗa kardan da farantin, amma ka yi musu alama da fenti domin ka mayar da su yadda suke, sannan ka kama farantin shi kaɗai ka girgiza shi sama da ƙasa, ka ja shi waje ka tura shi ciki. Juyawa kaɗan halal ce, amma wannan girgizar ba a yarda da ita ba ko ƙanƙani. In ya motsa, rulman pinyon, wato zobban ƙarfen da yake juyawa a kansu, sun saki, kuma hakan ya dace da kukan da ka ce yana zuwa idan ka ɗaga ƙafa, domin a lokacin ne tayoyi ke tura injin, pinyon ya zame daga mazauninsa, haƙora su haɗu a inda bai kamata ba.

Daga nan sai mai. Ka buɗe bushon, wato notin da ke toshe ramin mai, na sama kafin na ƙasa, don kada ka zubar da mai sannan ka tarar na saman ya ƙi kwancewa. Bushon na ƙasa yana da maganaɗisu. Idan abin da ya manne masa laushi ne baƙi kamar kwalli, wannan cin yau da gobe ne. Idan kuwa ka murza a yatsa ka ji ɓarɓashi mai kaifi ko ɓallin ƙarfe mai sheƙi, to rulma ko haƙori ne ke zuba. Ka kuma dubi launin man. Tunda ka ce abin ya fara a ƙarshen damina, ina zargin ka ratsa ruwa da pon mai zafi, ya shaƙi ruwa ta ɗan bututun numfashin da ke samansa, kuma man da ya sha ruwa yakan koma fari-fari kamar koko.

Ainihin wasan pinyon da kuron ba a auna shi da hannu. A wannan motar pon ba shi da murfi ta baya, sai an zare sandunan tayoyi biyu an ciro kan pon ɗin, wanda ke ɗauke da giyoyin, gaba ɗaya an ɗora a tebur, sannan a kafa agogon awo a kan haƙorin kuron. Abin da littafin Toyota ya ba da shi ne milimita 0.13 zuwa 0.18, wato bai kai kaurin takardar rubutu biyu ba, kuma a auna a wurare uku ko huɗu na zagayen, ba wuri ɗaya ba. Duk garajin da ya ce zai daidaita maka wannan da jin hannu, ka yi masa godiya ka ɗauki kayanka.

Alhaji Mai Kayan Mota

Malam Ila ya gama magana a kan dubawa. Ni abin da zan ƙara game da sayen pon na hannu ne, tunda shi nake sayarwa. Ba kowane pon na Hilux ne ke shiga kowace Hilux ba ko da notunan sun dace, domin yawan haƙoran ya bambanta. Akwai mai haƙora 41 a kuron da 10 a pinyon, akwai mai 43 da 10, akwai mai 41 da 9, akwai kuma mai 39 da 8. Taka mai kabari huɗu ce, don haka dole na baya ya zo daidai da na gaba, in ba haka ba ranar da ka sa kabari a cikin rairayi tayoyin gaba da na baya za su yi ta jayayya har wani abu ya karye. Ka ƙirga haƙoran naka da kanka, ka ƙirga na wanda za a sayar maka, ko a nan Maradi ne ko an kawo shi daga Katsina ko Kano. Kuron da pinyon kuma tare ake canza su, ba a aurar da na wannan mota da na waccan.

Direban Gidan Rumji

Ni ne shaida a kan maganar noti. Shekara biyu da suka wuce tawa ta yi irin wannan kukan, wani yaro a garaji ya sa dogon bututu a sifana ya hau kai da ƙafa, farantin ya daina girgiza, na biya ina murna. Ban kai Tasawa ba na ji ƙauri, na tsaya na taɓa wuyan pon na kasa barin hannuna a kai. Da aka buɗe sai aka nuna mini wani ɗan zobe mai kama da guntun bututu da ke tsakanin rulman biyu, wanda aka yi shi domin ya lotse daidai gwargwado sau ɗaya tak. Yaron ya matse shi ya wuce iyaka, rulman suka shaƙe suka ƙone har suka yi shuɗi, pinyon ma ya tafi tare da su. Gyaran da zai tsaya a rulma biyu sai da ya ci mini kuɗin lodi na wata guda.

Ɗan Tibiri

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na bi maganar Malam Ila daki-daki, ga abin da na tarar. Kurusiyon na baya ya mutu, jan garin nan har ya ɓata mini hannun riga, kuma da aka canza shi bugun gudumar ya ragu ƙwarai amma bai ƙare ba. Farantin yana motsi ciki da waje, kaɗan ne amma ana ji. Man kuwa kamar kunu ya fito, kuma bai fi lita ɗaya ba a wurin da ya kamata a sami lita biyu da ɗoriya. Bututun numfashin ya karye, rami ne kawai a buɗe.

Mun ciro kan muka kai wa wani dattijo mai agogon awo. Wasan kuron ya kai 0.30, babban rulman pinyon duk ya yi zanzana, wasoshin bayan satelit kuma sun siɗe sun yi kamar ganye. Haƙoran dai babu wanda ya ɓalle. Ya sa sababbin rulma da sabon zoben da sabuwar robar tare mai, ya mayar da wasan 0.15, ya shafa fenti a haƙora ya juya ya nuna mini tabon yana sauka a tsakiya. Na zuba 80W-90 mai lambar GL-5. Jiya na kai buhu goma sha biyar Dakoro na dawo, bugun ya tafi gaba ɗaya, sai dai har yanzu akwai ɗan kuka can ƙasa-ƙasa wajen gudun 70. Malam Ila, wannan abin damuwa ne?

Malam Ila Makanike

Haƙoran sun daɗe suna cin juna a karkace, sun riga sun yi wa kansu gurbi, don haka wannan ragowar kukan mai yiwuwa ba zai tafi ba sai ranar da ka canza kuron da pinyon. Idan bai ƙaru ba, ka ci gaba da aikinka. Bayan doguwar tafiya ka riƙa taɓa wuyan pon da hannu, sannan idan ta yi kamar kilomita 1,000 ka zubar da man ka sake duba maganaɗisun, ka faɗa mana abin da ka gani a kansa.